Me ya haɗa maganin zubar da ciki da cutar Cushing?

"Assalamu alaikum Likita. Yayata ce ke fama da wata cuta da aka ce sunanta Cushing. Bara aka yi mata tiyata ta hanci, amma cutar ba ta tafi ba, suga kuma ya ƙi sauka duk da allurar insulin. Yanzu likitanta yana so ya ɗora ta a kan wani magani, mifepristone. Da na bincika sai na ga ai maganin zubar da ciki ne. Hankalinmu ya tashi. Ta yaya maganin zubar da ciki zai zama maganin suga? Ko kuskure aka yi wajen rubutawa? Shekararta 34, 'ya'yanta biyu, tana son ƙarin haihuwa. Ba zai lalata mata mahaifa ba?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yayarki lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Abu uku na ji kina tambaya: ko likita ya yi kuskure, yadda ƙwaya guda ke yin ayyuka biyu da ba su yi kama ba, da kuma makomar haihuwarta. Ta farko amsarta gajeriya ce. Ba kuskure ba ne. Maganin da kika gani shi ne dai wanda ake nufi, kuma ana ba masu Cushing shi da sani. Sauran biyun kuwa sai mun ɗan zauna, domin ta ukun ita ce ta fi cancantar damuwarku.

Kwaɗo biyu, makulli ɗaya

Jiki yana aika saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan ta hanyar wasu sinadarai da ke bin jini, waɗanda muke kira homon. Kowane homon yana da mazauninsa a cikin ƙwayoyin halitta, kamar makulli da kwaɗonsa. In ya shiga ya murɗa, sai aikin da aka aiko shi ya fara. Mifepristone makulli ne da ke shiga ramin kwaɗo ya zauna daram amma ba ya buɗewa, kuma muddin yana ciki, makullin gaske ba shi da wurin shiga. Kwaɗo biyu yake toshewa: na furojestaron, homon da ke riƙe ciki, da na kotisol, homon da ya yi wa yayarki yawa. Dalilin da ya sa yake shiga duka biyun shi ne homon ɗin 'yan gida ɗaya ne. Dukansu daga kolestarol jiki ke ƙera su, surarsu ta yi kama, kwaɗunansu ma haka.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ta ɓangaren kotisol aka fara sanin maganin. A 1980 ne masu bincike na kamfanin Roussel Uclaf na Faransa suka haɗa shi, ƙarƙashin wani masanin sinadarai, Georges Teutsch, kuma da aka gwada shi an fara ganin yana toshe aikin kotisol ne. Daga baya aka ga yana kama mazaunin furojestaron da ƙarfi, sai Étienne-Émile Baulieu ya tura binciken ta fuskar ciki. Lambar da kamfanin ya ba shi ce aka taƙaita ta koma RU-486. Faransa da Sin suka amince da shi a 1988. A Faransa har kamfanin ya janye shi saboda matsin lambar masu adawa, ministan lafiya na lokacin, Claude Évin, ya sa aka dawo da shi cikin 'yan kwanaki. Birtaniya ta biyo baya a 1991, Amurka a 2000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Hayaniyar da ta biyo bayan wannan ce ta rufe ɗaya aikin nasa, alhali tun 1985 likitoci a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka suka ba da rahoton wani mai Cushing da ya samu sauƙi da shi. Sai a 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta, da sunan Korlym.

Aikinsa a mahaifa

A takaice zan bi ta nan, tunda ba shi ne matsalar yayarki ba, amma sai kin fahimce shi za ki gane gargaɗin da ke tafe. Furojestaron ne ke sa shimfiɗar mahaifa ta shirya ta riƙe ɗan tayi, ya kwantar da tsokar mahaifa kada ta riƙa murɗawa, ya kuma bar bakinta a rufe. Idan aka toshe shi, shimfiɗar tana saki, bakin mahaifa ya yi laushi, tsokar ta zama mai saurin amsawa. Shi kaɗai ba ya cika gama aikin, shi ya sa ake bin sa da wani magani, misoprostol, bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Mifepristone ɗin miligiram 200 ne, sau ɗaya tak. A farkon ciki, cikin makonni goma na farko, haɗin nan yana aiki a wajen mata 95 ko fiye cikin 100.

Likitocin mata suna amfani da haɗin nan a wani hali da mutane ba su cika sani ba: cikin da ya riga ya lalace amma bai fita ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna mahaifa ta wanke a wajen kusan mata 84 cikin 100 da aka fara ba mifepristone, a wajen waɗanda aka ba misoprostol kaɗai kuwa kusan 67. Ma'ana mata da yawa sun tsira daga wankin ciki. Batun halacci da haramci na malamai ne, doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da zan faɗa a matsayina na likita shi ne maganin ba ya taɓa cikin da ya zauna a waje da mahaifa, wanda zai iya fashewa ya kashe mace tana zaton jinin magani take gani. Kuma macen da ta jiƙe audugar mata biyu cikin awa guda, awa biyu a jere, ko zazzaɓi ya kama ta, asibiti za a yi da ita ba tare da jira ba.

Cutar da ke damun yayarki

Kotisol daga wasu 'yan ƙullutai biyu yake fitowa, masu suna adirinal, da ke zaune a saman ƙoda. Mai ba su umarni wani ƙullutu ne kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, ta hanyar homon ACTH. A lafiyayyen jiki kotisol yana hawa da asuba, ya sauka ƙasa sosai da tsakar dare. Shi ke tallafe hawan jini da suga lokacin yunwa, rashin lafiya ko firgici. Ba a rayuwa ba tare da shi ba. Idan kuwa ya yi yawa wata da watanni, sai fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, faffaɗar nankarwa ta fito a ciki, fata ta riƙa ƙujewa da ɗan abu kaɗan. Mai cutar takan ce tashi daga zaune ya gagare ta sai ta dafa. Ga hawan jini, ga suga, ga al'ada ta rikice, ga ƙashi na yin rauni. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Harvey Cushing, shi ya danganta wannan da fituwitari a 1932, sunansa ya bi cutar.

Tunda kin ce ta hanci aka yi tiyatar, ƙari ne a fituwitari, kuma shi ne sanadi a wajen kusan bakwai cikin goma na waɗanda jikinsu ke ƙera kotisol fiye da kima. Ƙarin yakan zama ƙanƙani ƙwarai, wani lokaci ko a hoton MRI ba ya fitowa sosai, don haka ba abin mamaki ba ne a yi tiyata a bar saura, ko cutar ta dawo bayan shekaru. (A gefe guda: mafi yawan masu kamannin Cushing da ke zuwa wurina ba su da ƙari ko ɗaya. Magungunan sitiroid ne, wato dangin kotisol, irin su dexamethasone da prednisolone, ko mayukan shafawa masu ɗauke da su, suka jawo musu. Waɗannan mifepristone ba nasu ba ne. Janye musu abin da suke sha ake yi a hankali.)

Kotisol yana sa hanta ta riƙa zuba suga cikin jini, ya kuma sa tsoka da kitse su daina jin insulin. Shi ya sa ake ta ƙara wa yayarki allura suga na nan inda yake. In aka toshe mazaunin kotisol, insulin ɗin sai ya fara ci. Sharaɗin da aka amince da maganin a kansa ya dace da ita sak: babba mai Cushing, mai ciwon suga ko alamarsa, wadda tiyata ba ta yi wa aiki ba ko ba za a iya yi mata ba. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 50 aka bi na mako 24, kuma shida cikin goma na masu suga a cikinsu sun samu saukar suga mai ma'ana. Da yawa sun rage nauyi, fuska ta saɓe. Ki lura dai, mutum 50 ba taro ba ne, cutar ce ba ta da yawa.

Ga kuma babban bambanci da amfaninsa na farko. Can ƙwaya ɗaya ce a sha a gama. Nan miligiram 300 ake farawa da shi kullum tare da abinci, a riƙa ƙarawa a hankali, har zuwa 1200 a rana in ta kama. Shan sa kullum wata da watanni shi ke kawo matsalolin da mai sha sau ɗaya ba ta san da su ba.

Inda maganin ke da wuyar sha'ani

Ki riƙe wannan, ki kuma faɗa wa yayarki: mifepristone ba ya rage kotisol a jini. Ƙara shi ma yake yi. Ƙwaƙwalwa takan ga kamar kotisol ya ƙare tunda ba ta jin sa, sai ta ƙara ACTH, adirinal su ƙara aiki. Saboda haka gwajin kotisol na jini ko na fitsari ba shi da amfani wajen sanin ko maganin na aiki. Da suga, da nauyi, da hawan jini, da yadda mai jinya ke ji a jikinta muke aunawa. Wannan ya sa nake kiransa maganin da ke buƙatar likita mai kallon mara lafiya fiye da takarda.

Na taɓa ganin inda wannan ya kusa jawo ɓarna. Wata mata da ke mako na biyar a kan maganin, an ƙara mata shi ba da daɗewa ba, aka kawo ta da dare tana amai, jiri na ɗibarta, ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa. Likitan da ke bakin aiki ya auna kotisol, ya gan shi a sama ƙwarai, ya rubuta cewa cutar ce ta tsananta. Da safe na same ta a kwance ta juya wa taga baya, leɓɓanta a bushe, tana amsa gaisuwa da ido. Kotisol ya cika jininta, amma ƙwayoyin jikinta ko ɗigo ba sa samu, domin mun toshe ƙofar fiye da kima. Muka dakatar da maganin, muka ba ta dexamethasone mai yawa na 'yan kwanaki, domin mifepristone yana daɗewa a jiki. A wajen mai shan sa kullum, sai an kwana uku zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita. A kwana na biyu ta tashi zaune ta nemi abinci. Ban ga laifin abokin aikin nawa ba, da hankali ya yi aiki, maganin ne ke juya lissafi. Tun daga ranar duk wanda na ɗora a kansa sai na rubuta masa 'yar takarda ya riƙa yawo da ita, mai bayanin sunan maganin da cewa kada a dogara da gwajin kotisol.

Na biyu shi ne fotashiyam, wani sinadari a jini da tsoka da zuciya ke buƙata. A ƙoda akwai wani kwaɗo na uku, na homon da ke riƙe gishiri, kuma mifepristone ba ya toshe shi. Kotisol ɗin da ya taru yakan kwarara can ya buɗe shi, sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotashiyam. Sakamakon shi ne kumburin ƙafa, hawan jini, da raunin tsoka, in ya yi tsanani kuma bugun zuciya ya rikice. Sama da mutum huɗu cikin goma a gwajin nan sun samu ƙarancinsa. Dole a auna shi kafin a fara, a gyara in ya yi ƙasa, a sake aunawa mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa da bayan kowane ƙari. Ni nakan haɗa da spironolactone, maganin da ke hana ƙoda zubar da fotashiyam, da wuri, ba na jiran sai ya faɗi.

Sai suga da kansa. Yakan sauka da sauri, wani lokaci cikin makonnin farko, kuma in ba a rage insulin ba sai a wayi gari ta faɗi. A samu na'urar awon suga a gida. Haka kuma a kai wa likita duk wani magani da take sha, har na gargajiya, domin a hanta ake sarrafa mifepristone kuma yana hana wasu magunguna fita. Simvastatin da lovastatin na rage kitsen jini ba a haɗa su da shi sam. Ketoconazole da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ƙara masa ƙarfi. Yakan kuma taɓa sakamakon gwajin maƙoƙo, sai a riƙa dubawa.

Mahaifa da haihuwa

Yanzu ga abin da ya fi ci miki tuwo a ƙwarya. Ƙwayar da take sha don kotisol ba ta san cewa ba don ciki aka ba ta ba. Kwaɗon furojestaron ma a toshe yake kullum. Abu biyu ke biyowa.

Na farko, ba a ɗaukar ciki a kan wannan magani, in kuma an ɗauka zai zube. Wannan shi ne gargaɗin da aka rubuta da manyan baƙi a takardarsa. Sai an yi gwajin ciki kafin ƙwaya ta farko, a sake yi in an dakatar da shi sama da kwana 14 ana son komawa. Dole ta yi tazarar haihuwa duk tsawon shan sa da wata guda bayan dainawa, kuma da hanyar da ba ta homon ba, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe ko kwaroron roba. Ƙwayoyin tazara da allura da ashanar hannu duk da dangin furojestaron suke aiki, ga shi an toshe musu ƙofa, ba a dogara da su. Kada kuma ta ce ai al'adarta ta ɗauke, ciki ba zai shiga ba. A zauna da maigidanta a yi masa wannan bayani tun kafin kwalin ya shiga gida. Na ga magidancin da ya karanta takardar cikin kwali ya jefa maganin a shara, ya zo asibiti ransa a ɓace yana tambayar wa ya ce a zubar wa matarsa ciki. Minti goma na bayani tun farko da sun hana wannan.

Na biyu, shimfiɗar mahaifa. Furojestaron ne ke taka wa istirojin birki, wato homon da ke sa shimfiɗar ta yi kauri. In babu shi, shimfiɗar takan yi ta kauri, al'ada ta ɗauke, wasu kuma su riƙa ganin jini ba bisa ƙa'ida ba, wani lokaci mai yawa. Shi ya sa muke yin hoton mahaifa kafin a fara, mu riƙa maimaitawa, wani lokaci mu ba da hutun magani don shimfiɗar ta zube. Mace mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, ko mai alamar sankarar mahaifa, ba a ba ta shi. A mafi yawan mata kaurin yana komawa bayan an daina, al'ada ta dawo. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda jinin ya kai su ga wankin mahaifa, 'yan kaɗan ma har ga cire ta. Ƙwaya ɗaya da ake sha a farkon ciki ba ta rage haihuwar gaba. Shan sa na dogon lokaci ma ba ya kashe ƙwan mace, sai dai yana buƙatar sa ido a kan mahaifa.

Ki sa wani abu a ɗaya gefen sikelin. Cushing da ba a shawo kanta ba ita ma tana hana haihuwa, domin tana hana ƙwai fita. In ciki ya shiga a haka, akwai haɗarin hawan jini mai tsanani, ɓari da haihuwar bakwaini. Hanyar yayarki zuwa ɗa na uku ta kan maganin cutar za ta bi, ko da wane iri ne.

Ga nawa ra'ayin. Ga mace mai shekara 34 da ke son ciki nan da shekara ɗaya, mifepristone ba shi zan fara ɗauka ba. Zan fara tambayar likitan tiyata ko akwai damar sake shiga. Akwai gasa ƙarin da haske, amma yakan ɗauki shekaru kafin ya yi aiki, kuma yana iya raunana sauran aikin fituwitari, har da homon na haihuwa. Akwai magungunan da ke rage ƙera kotisol ɗin kansa, irin su metyrapone, ketoconazole da osilodrostat, waɗanda ke da fa'idar cewa gwaji yana nuna aikinsu, kuma metyrapone ne aka fi amfani da shi in ciki ya shiga. Akwai cabergoline da pasireotide masu aiki a kan ƙarin, sai dai pasireotide yana tayar da suga, bai dace da ita ba. Ƙarshen hanya shi ne cire adirinal duka biyu, wanda ke kashe cutar nan take, mace ta iya haihuwa bayansa, amma ta zauna kan shan maganin maye gurbi har ƙarshen rayuwa, ana kuma ci gaba da duba ƙarin.

In kuwa sugan ne ke neman illata ta yanzu, ko ana buƙatar a gyara jikinta kafin wata tiyatar, ko ana jiran gashin haske ya fara aiki, to ba ta shi na wasu watanni shawara ce mai kyau, ni ma zan iya yanke ta. Ban ga yayarki ba, ban ga hotonta ko sakamakon gwajinta ba, likitanta ya gani, ƙila kuma ya riga ya gwada wasu daga cikin waɗannan. Ki raka ta ganin likita na gaba, ta faɗa masa ƙarara cewa tana son haihuwa da kuma lokacin da take so, domin sau da yawa mata ba sa faɗa, mu ma ba ma tambaya. Ku tambaye shi wata nawa yake nufin ta yi a kan maganin, me zai biyo baya, yaushe za a auna fotashiyam, wane likitan mata zai riƙa duba mahaifa, da lambar da za ku kira in amai da jiri suka kama ta da tsakar dare.